Ƙarfe Bai Yi Magana Ba

Ni ban taɓa iya ƙwallon kwando ba, gara in faɗa da bakina kafin wani ya tona min. Gajere ne ni, ga teɓa tun ina ɗan makaranta, in na yi gudu kaɗan sai numfashi ya nemi ɗaukewa. Abin da na ƙware a kai shi ne tsayuwa a gindin sandar kwando, kaina a ɗage. A nan na ƙarar da samartakata a Nguru, wuya a sanƙare, ina kallon ƙwallon yayana tana saukowa daga sama. Duk abin da zan faɗa a nan, daga gindin sandar nan na gan shi.

Filin namu yana bayan wata makaranta, can wajen gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa. Siminti ne da ya tsattsage, da damina ciyawa na leƙowa ta tsagar. Sanduna biyu ne, kowacce da allon katako da zoben ƙarfe wanda wani mai walda ya lanƙwasa. Raga kam babu. An ce da farko akwai, rana ta cinye ta, kuma ba a sake samun wanda ya damu ya ɗaura wata ba.

Wanda bai taɓa wasa a kwandon da ba shi da raga ba, ba zai gane masifar da ke ciki ba. In ƙwallo ta taso daga nesa ta ratsa tsakiyar zoben ba tare da ta taɓa komai ba, mutumin da ke tsaye a gefe ba zai iya rantsuwa cewa ta ciki ta bi ko ta gaba ta wuce ba. Kowane ɓangare sai ya ga abin da ransa ke so. An sha dambe a kan haka, har wani ya rasa haƙorin gaba. Da abin ya ishi manyan filin, sai suka kafa doka tun kafin mu taso: ƙwallon da ba ta taɓa zobe ko allo ba, ba a ƙirga ta. Yadda ake faɗa shi ne, sai ƙarfe ya yi magana. Rigima ta ragu ƙwarai, ba zan hana su wannan ba. Amma da a ce wani ya zauna ya ƙirƙiri doka musamman don ya cuci yayana, ba zai zo da wadda ta fi wannan ba.

Yaya dogo ne siriri, mai dogayen yatsu, marar yawan magana. Da safe yana shagon ɗinkin mahaifinmu, bayan la'asar yana fili. Ba ya son turereniya a ƙarƙashin kwando. Can nesa yake tsayawa, inda mai tsaronsa zai ga ba sai ya wahalar da kansa ba, sai kawai ya ɗaga ƙwallon ya sake ta. Takan yi sama sosai har ka ɗauka ta ɓata hanya, sannan ta sauko ta tsakiyar zoben, kamar an zura guga a rijiya bai taɓa gefe ba. Ba ƙara, ba motsi. Sau da yawa a hannuna take faɗowa.

Sai in yi ihu in ce ta shiga. Sai a juyo a dube ni, a ce, "Ƙarfe bai yi magana ba." In na nace, amsar ɗaya ce kullum: "Kai ai ƙaninsa ne." Ni ne na fi kowa ganin zoben, domin daga ƙasa babu abin da ke ɓoyuwa, kuma ni kaɗai ne ba a karɓar shaidata. Wannan abu ya ci min rai tun ina saurayi, har yau bai daina ba.

A zamanin akwai wani ƙato a filin, ɗan gidan masu motocin haya. Shi ya fahimci dokar tun da wuri, ya gina wasansa a kanta. Zai ture mutum biyu da kafaɗa, ya zo dab da sanda, ya maka ƙwallon a jikin allo da ƙarfin da har masu sayar da rake a bakin titi sai sun san an ci. Ban ce bai iya ba. Ya iya irin nasa, kuma duk cin da ya yi an ƙirga masa. Da yamma in ana watsewa, sunansa ake ambata a wajen mai shayi.

Na roƙi Yaya ba sau ɗaya ba. Na ce masa, "Yaya, ka riƙa ɗan gogar ƙarfen mana. Ko allon ka buga, me zai rage ka?" Ya gwada na ɗan lokaci don in ƙyale shi. Sai abin ya dagule gaba ɗaya: in ya nemi gefen zoben, sai ƙwallon ta daki ƙarfen ta yi waje. Wata rana muna tafiya gida ya dubi tafin hannunsa ya ce, "Auta, hannun nan tsakiya kawai ya sani. In na ce ya yi kuskure da gangan, sai ya yi mai yawa." Daga nan ya koma yadda ya saba. Yana jefawa, ana hana shi, yana komawa baya abinsa, ni kuma ina ta kumfar baki a gindin sanda.

Wuri ɗaya ne Yaya ke zama cikakken mutum, shi ne Gashuwa. Lokaci-lokaci akan haɗa wasa tsakaninmu da su, mu cika bayan akori-kura mu tafi, mu isa jikinmu duk ya yi tsami. Filinsu bai fi namu kyau ba, amma kwandonsu yana da raga. Wani masunci ne daga unguwar Katuzu yake saƙa musu ita da zaren koma, saboda ɗansa yana cikin 'yan wasan. Ragar baƙa-baƙa ce, in ka matsa kusa har ƙarnin kifi take yi. In ta tsinke, tsohon ya sake saƙa wata. A can ba ruwan kowa da maganar ƙarfe. In ƙwallo ta shiga, ragar ta kama ta, ta yi cas, ta sake ta a hankali, kowa ya gani.

Ɗan masuncin shi aka fi haɗawa da Yaya ya tsare shi. Kakkauran mutum ne, mai dariya, hannuwansa sun yi kanta saboda jan koma. Yakan manne wa Yaya kamar ƙaya a riga, amma a banza. Na ga ranar da mutanen Gashuwa suka daina yi wa nasu kirari suka koma jiran ƙwallon ta faɗa hannun baƙo. Na ga ɗan masuncin ya tsaya tsakiyar wasa ya riƙe ƙugu yana dariya, ya ce, "Bawan Allah, ka bar mana ragar nan, babana ya tsufa." Ba wanda ya rubuta ko nawa Yaya ya ci a ranar, ba a rubutawa a lokacin. In mun dawo Nguru na ba da labari, sai a ce ai ragar Gashuwa ce, ko iska ta kaɗa ta sai su ƙirga.

A wata tafiyar ɗan masuncin ya ba Yaya kyautar raga sabuwa. Na ɗauka wahalarmu ta ƙare. Ni da kaina na hau kafaɗar wani na ɗaura ta. Ranar Yaya ya jefa ta farko, ragar ta yi cas, na juya ina murmushi. Sai ɗaya daga cikin manyan filin ya girgiza kai ya ce ƙarfe bai yi magana ba. Na ce to ragar fa? Ya ce ƙwallon da ta wuce ta gaba ma tana iya shafar raga ta waje ta motsa ta, kuma doka doka ce, ba za a canza ta saboda mutum ɗaya ba. Mutane suka ce gaskiya ne. An yi dokar ne saboda babu raga, ga raga ta zo, amma an riga an manta dalilin, dokar kawai aka riƙe. Ba a daɗe ba ragar ta ɓace daga jikin zoben. Daga baya na gan ta a kasuwa, wani ya zuba albasa a ciki ya rataye.

Shekaru suka tafi. Mahaifinmu ya rasu, shago ya dawo wuyan Yaya, fili ya gagare shi. Bayan ya bari ne aka zo aka shata layin nan na nesa, wanda in an ci daga bayansa ake ba da maki uku. Ranar da na ga layin na tsaya ina kallonsa kamar wawa, domin wuraren da Yaya ya saba tsayawa duk a bayansa suke. Tsohuwar dokar ma ta mutu da kanta da aka fara sayar da ragar leda a kasuwa, ba wanda ya yi mata jana'iza. Ƙaton nan ya zama Alhaji mai tireloli, yakan sa a yi wa filin fenti, yaran yanzu sun san shi, suna cewa a zamanin da babu kamarsa wajen cin kwando a Nguru. Yaya kuwa tela ne mai ɗinka manyan riguna, iyakar abin da aka sani ke nan.

Ya daɗe bai samu haihuwa ba. Da Allah ya kawo, sai namiji, kuma tun yana ƙarami aka ga tsawon uban da yatsun uban. Ɗan fari ne, saboda haka Yaya ba ya kiran sunansa, ba ya zama hira da shi, sai dai ya ce "yaron nan" ko "wancan". Yaron ya taso ya kama ƙwallon kwando da kansa, ba wanda ya nuna masa. Ya yi karatu a jami'ar da ke Gashuwa, ya samu aiki ya zauna a can, yana wasa da ɗalibai da yamma. Yaya bai taɓa zuwa kallonsa ba, bai kuma taɓa ce masa shi ma ya taɓa riƙe ƙwallo ba. Kunya ta hana. Ni ne bakinsa, kuma na yi ta ba yaron labari tun yana ƙarami. Yana yaro yana saurare da baki buɗe. Da ya girma sai ya koma yin murmushin da ake yi wa tsofaffi.

Sannan idon Yaya ya fara tafiya. Hawan jinin ido ne, likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a yi ƙoƙarin riƙe saura. Da farko zare ne ya gagare shi zurawa a allura. Daga baya ya bar keken gaba ɗaya, ya koma zama a kan benci ƙarƙashin darbejiyar ƙofar shago, yana gane mutane da muryarsu. A nan ne tsoro ya kama ni. Na ga mutumin nan zai shiga duhu, wata rana ya bar duniya, ɗansa na cikinsa bai taɓa yarda da ko wane ne ubansa ba.

Da wata Sallah yaron ya zo gida, abokansa suka taru a ƙofar shagon bayan azahar, kowa da waya a hannu. Musu suke yi a kan wanda ya fi kowa iya cin kwando a tarihin wasan, cikin 'yan Amurkan nan da suke kallo. Wani ya ce na da sun fi, domin a zamaninsu ana dukan mutum kamar an kama ɓarawo alƙalin wasa bai busa ba. Wani ya ce na da ɗin da wa suka kara, ai rabin abokan karawarsu ba su kai 'yan benci na yanzu ba. Wani ya ce a ba na da layin maki uku a gani. Wani ya ce na yanzu suna daɗewa suna wasa saboda likitoci da abinci, dole su tara maki, don haka a duba abin da mutum ke ci a wasa ɗaya, a bar maganar jimilla. Kowa ya faɗi tasa sai ya dangwala waya ya nuna bidiyo. Na zauna ina jinsu, ina mamakin yadda suka san tsawon hannun mutumin da ke wata duniya.

Yaya yana gefe, carbi a hannu. Ban zaci yana saurare ba sai da na ji ya yi gyaran murya. Bai fuskanci ɗansa ba, abokan ya yi wa magana. Ya ce, "Ni da za ku ji tawa, kafin ku ce wane ya fi wane, ku fara tambaya a wane irin kwando kowa ya jefa, kuma wa ke ƙirgawa."

Suka ce, "Gaskiya ne, Baba," irin ta ladabi, suka ci gaba da abinsu. Can wani ya ce to a dawo gida, a nan Nguru fa? Ba su ɓata lokaci ba. Na yanzu suka ambaci wani abokinsu, na da kuma suka ce Alhaji mai tireloli, ai wannan ba musu. Ɗan Yaya ma ya gyaɗa kai.

Raina ya ɓaci, na miƙe tsaye ban sani ba. Na ba su labarin dokar ƙarfe, da ragar Katuzu, da ranar da Gashuwa ta koma bayan baƙo. Na yi ta zuba ba tsayawa. Da na gama, yaron ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Baffa, ba wai na ƙaryata ka ba ne. Amma ka ga babu bidiyo, babu komai. Kuma kai ai ƙaninsa ne."

Maganar da aka yi ta faɗa min a gindin sanda ce, ba ƙari ba ragi, sai dai yau daga bakin jininmu ta fito. Na dubi Yaya. Carbin ya tsaya a hannunsa, fuskarsa na kallon titi. Na san shi, na san ta shige shi.

Tun ranar na ƙudura sai na samo shaidar da ba ɗan'uwa ba. Yawancin manyan filinmu sun rasu, waɗanda suka rage kuma ƙarar allo kawai suke tunawa. Mutum ɗaya ya rage min, ɗan masuncin Katuzu. Na yi tambaya aka ce yana nan da rai. Da lokacin komawar Yaya wajen likitan ido a Gashuwa ya yi, sai na ce ni zan raka shi, na kuma kira yaron na ce ya same mu, akwai wanda za mu gaisar. Ban gaya wa Yaya nufina ba, amma da na ambaci Katuzu sai ya ce a ɗauko masa babbar rigarsa mai aiki.

Ƙarshen damina ne, ruwa ya kwanta hagu da dama a hanya, ciyawar kacalla ta rufe inda da muke ganin gonakin shinkafa. Ina ba shi labarin abin da ke wucewa ta taga, yana gyaɗa kai. Likita bai faɗi sabon abu ba, ya ƙara maganin ɗigawa. Daga nan muka hau babura zuwa Katuzu, Yaya a bayan ɗansa, yana riƙe da ƙarfen baya don kada ya riƙe shi.

Ba wanda ya gaya min mutumin ba shi da lafiya. Ciwon ƙodar nan ne da ya addabi mutanen yankin. Muka same shi kwance a kan tabarma a rumfa, ƙafafu sun kumbura, fuskar ta yi suntum har ban gane shi ba. Wata tsohuwar koma tana rataye a jikin danga. Muka yi sallama muka zauna. Da ya ji muryar Yaya sai ya buɗe ido, ya daɗe yana dubansa, ya ce, "Kai ne? Na Nguru?" Yaya ya ce shi ne. Mutumin ya miƙo hannu, Yaya ya laluba ya kama. Sai ya juya hannun Yaya na dama, ya shafa yatsun ɗaya bayan ɗaya, yana numfashi da ƙyar.

Na ga dama ta samu. Na matsa na ce, "Malam, ga ɗansa nan, shi ma yana wasa. Ko za ka tuna lokacin da..." Sai na ji yatsun Yaya sun damƙi gwiwata da ƙarfin da ban san yana da saura ba. Ya ce, "Auta, dubiya muka zo." Na haɗiye sauran maganar. Gaskiyarsa ce, ba a zuwa kan mutumin da ke wannan hali a tambaye shi labarin ƙwallo. Muka yi masa addu'a, ya amsa da leɓe, idonsa ya sake rufewa. Yaron yana tsugune a bakin rumfa, abin da ya gani kawai tsofaffi biyu ne riƙe da hannun juna. Ba a yi nisa ba bayan haka aka aiko mana da rasuwarsa.

Da muka dawo cikin gari la'asar ta yi, motar Nguru ba ta cika ba. Yaron ya ce bari ya biya filin da suke wasa ya sallami abokansa, sai Yaya ya ce mu je tare, ya gaji da zama. Filin mai kyau ne, shafaffe, da layuka farare. Samarin sun taru a ɓangare ɗaya suna wasa, domin ragar ɗaya kwandon ta tsinke an cire ta. Zoben yana nan tsirara, irin namu na da.

Yaya ya tsaya yana sauraren ƙarar ƙwallo a siminti. Can ya ce, ba tare da ya fuskanci kowa ba, "A ce wa yaron nan ya ba ni ƙwallo." Yaron ya dube ni, na ce ya kawo. Yaya ya miƙa min sandar da yake dogarawa, ya naɗe hannun babbar riga a kafaɗa, ya jujjuya ƙwallon a yatsunsa. Ya ce, "Auta, je ka wurinka. Ka ƙwanƙwasa min sandar kwandon in ji inda take." Na tafi gindin sanda, na ƙwanƙwasa ƙarfen da sandar tasa, na ɗaga kai yadda na saba.

Ta farko ba ta kai ba. Ta faɗi a gabana, nesa da zoben, ta gangara. Yaron ya bi ta ya ɗauko, ya ce, "Baba, a bari haka, kada motar ta cika." Yaya ya miƙa hannu kawai. Yaron ya ba shi, ya koma gefe. Ina ganinsa ta wutsiyar ido: ya juya fuskarsa wajen bango, ya sa hannu a goshi. Ba raini ba ne, na sani. Ba ya son ganin ubansa yana jin kunya a gaban mutane.

Na sake ƙwanƙwasawa. Yaya ya ɗan durƙusa, ya ɗaga hannu, ya saki. Ƙwallon ta yi sama, sama sosai, irin tafiyar da na sani, har na ji tsigar jikina ta tashi. Ta sauko ta tsakiyar zoben ba ta taɓa komai ba, ta faɗo a ƙirjina na rungume ta.

Na waiga. Samarin suna can suna wasansu, ba wanda ya juyo. Yaron har yanzu bango yake kallo. Yaya yana tsaye, hannunsa a sama, ya karkatar da kunne yana jira. Ya jira, sannan ya sauke hannun a hankali ya ce, "Ƙarfe bai yi magana ba."

Na ce, "Wallahi ta shiga, Yaya. Ta tsakiya ta bi."

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Kullum haka kake cewa."

Na juya wajen yaron, na ce, "Kai, ka gani ko? Gaya masa." Ya juyo da sauri, idonsa ya yi ja. Ya ce, "E, Baba, ta shiga. Ta shiga sosai." Da muryar da ake ce wa majinyaci ya ji sauƙi ya faɗe ta. Ni na ji, Yaya ma ya ji, domin tun da idonsa ya tafi ba abin da ke wuce kunnensa. Ya warware hannun rigarsa ya ce a ba shi sandarsa. Na roƙe shi ya sake jefa ko ɗaya ce, ya ce kafaɗarsa ta riƙe.

A mota har muka isa Nguru ban ba shi labarin hanya ba. Daga baya na tsare yaron na rantse masa da Allah cewa ta shiga. Ya ce ya yarda, Baffa. Ina ganin idonsa na san tausayina yake ji ni ma.

Yanzu idon ya tafi gaba ɗaya. Yaya ba ya fitowa ƙofar shago sosai, ya fi zama a zaure, nakan je in zauna da shi bayan la'asar. Ba ma maganar ƙwallo. In samari sun wuce suna musun gwanayensu, sai in ja hirar zuwa wani wajen. Rannan muna zaune, ya laluba ya taɓa gwiwata, ya ce, "Auta, tsakaninka da Allah. Ta ranar nan, ta shiga?"

Na ce, "Ta shiga, Yaya."

Sai ya janye hannunsa ya ɗauki carbi, ya ce, "To. Da dai wani ne ya gani."